Furen safiya a tsakar gida: yadda za ka gane shi, ka shuka shi, ya yi maka a nan Damagaram

Duk wanda ya taɓa bi ta bakin tabki da sassafe ya ga duman kada ya shimfiɗe a ƙasa da furensa kamar bakin algaita, to ya riga ya san dangin furen da zan yi magana a kai. Wanda ya taɓa ganin dankali ya yi fure a garka shi ma haka. Gida ɗaya suka fito, masana na ce ma gidan Ipomoea, kuma iri-irinsu sun haura 600 a duniya. A cikinsu akwai na ci, akwai mai illata dabba, akwai kuma na ado wanda ake ɗaura ma igiya ya hau rumfa, shi ne nake ce ma furen safiya tunda da asuba yake buɗewa, kafin rana ta take ya naɗe. In ka samu irinsa cikin ƴar takarda za ka ga an rubuta ipomée ko volubilis da Faransanci, in kuma daga Najeriya aka zo da shi to morning glory za ka gani.

Na daɗe ina shuka shi a tsakar gida, kuma abin da na lura shi ne mutane na ɗaukarsa kamar tumatir, a zuba mishi taki a malala mishi ruwa, sai ya cika gida da ganye babu fure ko ɗaya, daga nan a ce ai abin Turawa ne ba ya yi a ƙasarmu. Yana yi wallahi. Ɗan uwan yaryaɗi ne da ke fita da kansa a gonar hatsi ba wanda ya yi mishi ban ruwa, asalin mafi yawansu ma daga Meksiko da ƙasashen zafi na nahiyar Amurka ne, ba daga ƙasar ƙanƙara ba.

Fara da gane shi tukun

Na sa wannan a gaba don gidajenmu akwai awaki akwai yara. Alama ta farko, furen safiya ba shi da ƴan zaren nan masu murɗewa da soso da garahuni da kabewa ke kama abu da su, shi jikinsa ne gaba ɗaya ke naɗe igiya yana hawa. Ganyensa ɗaya-ɗaya yake fita, wannan gefe sai wancan, ba biyu-biyu suna kallon juna ba. Furen a haɗe yake kamar mazurari, in ka leƙa ciki za ka ga layi biyar sun fito daga tsakiya kamar tauraro, kuma in ka duba da yamma wanda zai buɗe gobe za ka same shi a murɗe kamar lemar da aka naɗe. Fure ɗaya safiya ɗaya yake yi, gobe wasu ne za su buɗe.

To daga nan sai a rarrabe. Wanda ya fi yawa a takardun iri shi ne Ipomoea purpurea, ganyensa kamar hoton zuciya, jikinsa da ɗan gashi-gashi in ka shafa, furen shunayya ko ruwan hoda ko fari, tsakiyar fari, faɗinsa kamar santimita 5 zuwa 6, kuma in ya ɗaure ƴaƴa sai ƙwallon ya sunkuya ƙasa. Shi ya fi haƙuri, shi nake ba duk mai farawa. Na biyu Ipomoea tricolor, wanda ake wa laƙabi da Heavenly Blue, jikinsa sumul ba gashi, furen ya fi girma yana kai santimita 8 zuwa 10, shuɗi irin na sararin sama bayan an ɗauke ruwa, maƙogwaron fari da ɗan rawaya a can ciki. Ya fi kowa kyau a idona amma ya fi jinkirin fure. Wani abu game da shi, tun yana murɗe launinsa ja-ja ne, ya buɗe ya koma shuɗi, in zai mutu ya sake komawa shunayya, ruwan da ke cikin furen ne tsaminsa ke canzawa, don haka kar ka ce an cuce ka a iri.

Sai Ipomoea nil, shi ganyensa yakan rabu kunne uku, kuma ƴan korayen ganyen nan biyar da ke riƙe da gindin furen dogaye ne sirara da gashi a gindinsu. Mutanen Japan sun ɗauki wannan da girma, asagao suke ce mishi wato fuskar safiya, yaran aji ɗaya ma shi ake ba su su shuka a lekol, kuma a unguwar Iriya ta Tokyo ana ci mishi kasuwa ta musamman daga 6 zuwa 8 ga Yuli. Akwai Ipomoea quamoclit mai ganye siri-siri kamar gashin tsuntsu da ƴan jajayen furanni ƙanana kamar tauraro, ba za ka ce dangi ɗaya ba ne sai ka duba furen da kyau. Akwai Ipomoea cairica mai ganye kamar tafin hannu da yatsu biyar zuwa bakwai, shi ba ya mutuwa bayan damana in yana samun ruwa, kuma yana da cin wuri sosai. Sai na dare, Ipomoea alba, fari tas babba har santimita 12 ko fiye, da magariba yake buɗewa yana ƙamshi, in kuna shimfiɗa tabarma a waje da dare wannan naku ne.

Yanzu waɗanda ba na so su shigo maka gida bisa kuskure. Duman kada, wasu su ce duman rafi, shi ba ya hawa igiya, ƙasa yake bi yana kafa saiwa a kowace gaɓa, ganyensa zagaye mai kauri mai santsi. Yana zama kore har cikin rani lokacin da ciyawa ta ƙare, shi ya sa tunkiya ko akuya mai yunwa ke faɗa mishi, sai ka ga dabba na kakkarwa tana tangaɗi ba ta iya tsayuwa daidai. Na biyu shi ne wanda ake dasawa a yi shinge da shi a wurare masu damshi, Ipomoea carnea, shi tsaye yake kamar ƙaramin itace har mita 2 ko 3, karansa da rami a ciki, in ka karya farin ruwa ya fito, furen ruwan hoda mai haske tari-tari. Yana da kyau kam, kuma ko sanda ka soka a ƙasa za ta kama, amma akuyar da ta saba cin sa ramewa take tana layi har ta kwanta. In kana da dabba a gida ka rabu da shi. Sai zaƙami, wanda farin furensa kan sa a rikita shi da na daren nan, shi ba dangin ba ne sam, ba ya hawa, ƙwallonsa da ƙaya, kuma kowa ya san abin da yake yi wa mutum.

Ko na adon ma ƙwayar irinsa ba abin ci ba ce, tana sa amai da ciwon ciki da juwa, musamman ta mai shuɗin nan, kuma wadda ake saidawa a takarda sau da yawa an shafe ta da magani. A ajiye nesa da yara, a wanke hannu bayan shuka.

Wuri

Nan ne rabin aikin yake. Yana son rana, amma ranar Damagaram ba wasa ba ce, a Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Nemo wurin da hantsi ke bugawa, inuwa ta rufe shi bayan azahar, wato jikin katangar da ke kallon gabas ko gefen rumfa na gabas. Katangar siminti mai kallon yamma tana tara zafi ta gasa ganye, kwanon shinge kuma ya fi muni, duk inda kan yaɗon ya taɓa shi da rana sai ya ƙone.

In katangarka ta laka ce, don Allah kar ka haƙa rami a gindinta kana zuba ruwa kullum, za ka jiƙa tushen ginin da hannunka sannan ruwan Agusta ya zo ya ƙarasa. Ja baya kamar santimita 50 zuwa 60, ko ka shuka cikin mazubi ka miƙa igiya zuwa sama. Kuma kar ka sa shi kusa da ƙaramin dashen lemu ko gwaiba ko zogala, zai naɗe su ya hana su rana.

Abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba, wannan shuka da tsawon dare take gane lokacin fure ya yi. Sai dare ya ɗan yi tsawo kuma duhun bai katse ba sannan take ɗaure fure. In ka shuka ta ƙarƙashin ƙwan kuran da ke kwana a kunne, ko fitilar sola ta ƙofar gida, za ta yi ta tsawo tana ganye fure shiru. Ya taɓa faruwa da ni, na bayan ɗaki sun cika da fure, na bakin zaure da fitila ke haskawa har Oktoba ba su ce komai ba, iri ɗaya rana ɗaya na shuka su.

Lokaci da ƙasa

Ruwan samanmu duka-duka milimita 400 zuwa 500 ne a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta, to a bi manoma. Bari a yi ruwan shuka mai kyau, ƙasa ta jiƙe sosai, ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, ranar da aka fita shukar hatsi kai ma ka sa naka. Sama za ta ɗauke maka yawancin ban ruwa, wanda a garin nan da ake sayen ruwa bido-bido wajen ƴan garuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma lokacin da ya gama hawa rumfa dare ya fara tsawo, sai fure ya ɓarke daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. Ana iya shuka ta biyu a Oktoba ko Nuwamba lokacin da masu garka a Mirya da Gidimuni ke fara aikin rani, shi wannan tun yana gajere zai fara fure, ba zai rufe rumfa ba amma furen na daɗewa a buɗe saboda sanyi. Daga Maris zuwa Mayu kam kar ka wahalar da kanka.

Ƙasar tsakar gida ta sha taku ta yi tauri, wani wurin ma dutse za ka tarar, don haka haƙa rami mai zurfin santimita 30 zuwa 40, faɗi ma haka. Cika shi da ƙasar jigawa kashi uku, ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu kashi ɗaya, wanda ya shekara ya yi baƙi ba ya wari. Shi ke nan. Ban da ɗanyen kashin kaji, ban da takin zamani na ure. Takin da ya yi yawa, musamman ure, ganye yake turawa ya hana fure, shi ne cutar da na ambata tun farko. In ka ga ganyen ƙasa na yin rawaya tun shukar na ƙarama, ɗan takin zamanin nan da ake ce ma 15-15-15 cikin murfin kwalba ka binne nesa da gindi sau ɗaya, ya isa.

In mazubi ne, tsohon bido mai lita 25 a yanke mishi kai, a huda gindinsa wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi, a zuba ƴan tsakuwa sannan ƙasa. Fasasshiyar randa ta fi shi don ba ta ɗaukar zafi. Gwangwanin ƙarfe dafa saiwa yake.

Shuka kanta

Ƙwayar irin baƙa ce ko ruwan ƙasa, siffarta kamar ɓarin lemu, ɓawonta da tauri ƙwarai ruwa ba ya shiga da wuri. Ɗauki abin yanke farce ka ɗan ɓantare bayanta kaɗan, ko ka goga ta a kan siminti har ka hango ɗan fari, kar ka yi ta wajen ɗan tabon da ke tsinin ƙwayar don nan tsiro yake. Jiƙa ta cikin kofi daga magariba zuwa safe, za ka ga ta kumbura. Kar ta wuce kwana ɗaya a ruwa, ruɓewa take.

Soka yatsa gaɓa ɗaya, kamar santimita 1 zuwa 2, sa ƙwaya biyu ko uku, rufe, yayyafa ruwa. Tsakanin rami da rami taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, santimita 20 zuwa 30 kenan. A bido ɗaya gindi biyu ko uku sun isa. Shuka shi inda zai zauna, ba ya son dashe, in ka tumɓuke shi saiwar ta katse sai ya yi sati biyu yana jinya.

Da ɗumin damana kwana 4 zuwa 7 ya fito. Ganyen farko guda biyu ba su kama da na baya ba, kowanne a tsage yake a tsakiya kamar sawun kofaton akuya, ka riƙe wannan alamar don da ita za ka gane shi baɗi in ya fito da kansa, kar a cire shi da ciyawa. In ya yi ganye na gaske biyu ko uku sai ka rage, ka bar mai ƙarfi ɗaya a kowane rami, ka tsinke sauran da farce maimakon ja.

Sati biyun farkon nan su ne masu haɗari. Kaji su tone, ƙadangare ya gutsure, akuya ta lashe a lomar ɗaya. Kifa mishi tsohon kwando, ko ka zagaye shi da guntun gidan sauro ko giriyaji ko ƙaya.

Abin hawa

Kafa shi tun ranar shuka, don in kan yaɗon bai samu abin kamawa ba junansu za su naɗe su dunƙule, warwarewa kuma sai an karya. Yana son abu siriri, igiyar kaba, igiyar leda, karan dawa, giriyaji. Ba ya iya naɗe ginshiƙi mai kauri kuma ba ya manne wa bango. Ni nakan buga ƴan turaku a ƙasa in ja igiya daga kowanne zuwa azarar rumfa, tazarar taƙi ɗaya. A ɗaure da kyau fa, in ya cika yana da nauyi, kuma iskar da ke zuwa gaban hadari za ta kwantar da abin da aka yi wa sako-sako. In kara ko icce ka kafa, riƙa duba gara.

Gefe ɗaya yake naɗewa kullum, in ka kalle shi daga sama yana juyawa saɓanin hannun agogo. In za ka taimaka mishi ya kama igiya bi da shi ta wannan hannun, in ka naɗa shi ta ɗayan zuwa gobe ya warware kansa. Da ya kai ganye biyar ko shida ka tsinke ɗan kan, zai fito da rassa biyu ko uku ya cika wuri maimakon ya tafi zare ɗaya.

Ruwa

Da damana sai in an yi kwana uku ko huɗu ba ruwa. Soka yatsa, in gaɓa biyu a bushe take ka ba shi. Na cikin bido ya fi saurin bushewa, buta ɗaya a rana da safe ko da yamma, a gindi ba a ganye ba. Da tsakar rana za ka ga ganyen ya yi laushi ya sunkuya, kar ka ruga da ruwa, jira la'asar sakaliya, in ya miƙe lafiyarsa lau, in bai miƙe ba ƙishirwa ce.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce shuka shi kusa da inda ake alwala, ruwan da da zai bi ƙasa a banza shi ke rayar da shi. Ruwan wankin shinkafa da na ganye ma suna yi. Ruwan omo da na wanke-wanke mai maiƙo da gishiri kam a'a. Wata dabarar, binne ƙaramin tulu mara fenti kusa da gindin har wuya, cika shi ka rufe bakin saboda sauro, zai riƙa tsatsafowa a hankali kwana biyu ko uku. Ka rufe ƙasar da busasshen ganyen bedi ko ɓawon gyaɗa, amma kar ya taɓa karan.

Ƙwari da maganar maciji

Fara da tsutsa masu huda ganye, in ba su yi yawa ba tsince su da hannu da sassafe. Darɓa da farin ƙuda suna taruwa a bayan ganye. Wanda ya fi ɓarna shi ne ɗan mitsitsin jan gizo-gizon nan da ke zuwa in iska ta bushe bayan damana, ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari ya koma kamar an barbaɗa mishi toka, da ɗan yana a baya. Maganinsu na ƙofar gida, ƴaƴan bedi busassu a daka, gram 50 a lita 1 ta ruwa, a jiƙa su kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan sabulu kaɗan a ciki, a fesa da yamma har bayan ganyen, a maimaita bayan sati.

Za a ce maka yaɗo na kawo maciji da kunama da sauro, kuma maganar ba a banza take ba, duhuwa da damshi suna jawo su. Abin yi shi ne ganyen ya kasance a sama, ka tsige na ƙasa har tsawon gwiwa, ka share gindin kullum, kar a jibge tarkace ko bulo a wurin, kar ruwa ya kwanta. In ya yi cunkoso ka rage rassa iska ta ratsa.

Ajiye iri

In kana so fure ya daɗe riƙa tsinke waɗanda suka yanƙwane kafin su ɗaure, amma daga Oktoba ka bar wasu. Ƙwallon zai fara kore, ya koma ruwan ƙasa ya bushe kamar takarda, in ka murza ya fashe, ƙwaya huɗu zuwa shida a ciki. Shanya su a inuwa kwana uku, zuba a ambulan ko kwalba busasshiya da ɗan toka, rubuta launin a jiki, ɗora can sama inda hannun yaro ba ya kai. In ka shuka launi daban-daban kusa da juna zuma na iya haɗa su, baɗi ka ga wani launi da ba ka shuka ba.

Sauran busasshen yaɗon kuma kar ka zuba shi a jujin da amalanke ke kwasa zuwa gona. Irin na daɗewa a ƙasa shekaru bai mutu ba, kuma a Amurka wannan purpurea ɗin ciyawa ce da manoman masara da auduga ke fama da ita, tana naɗe amfanin gona ta kwantar da shi. Yanke shi daga gindi, zare shi daga igiya, tara shi wuri ɗaya nesa da dabbobi ka ƙone, tokar ka mayar cikin ramin.